Singer 15K a Aboabo: keken ɗinkin da ya kusa tafiya a kilo

Ƙorafin gajere ne: keke yana tsallake ɗinki, yana tsinka zaren sama, in aka matsa masa allura ta daki ƙarfe ta karye. Tsohon Singer ne baƙi, na ƙafa, na wata Hajiya da ke zaune a Aboabo cikin Kumasi, ita ma gadonsa ta yi daga mahaifiyarta. Kafin ya kai hannun wanda ya gane ciwonsa, masu gyara biyu sun riga sun taɓa shi, a gidan har an fara zancen kiran 'yan kondem, masu sayen tsohon ƙarfe, su ɗora shi a sikeli. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan, mahaifina kuma tela ne, shi ya sa aka sako ni cikin maganar, da ni aka kai kan keken wurin mai gyara na uku. Na ga lamarin ya isa a rubuta ne saboda kowa a gidan ya ɗora laifin a kan tsufa, alhali hannun tsufa a ciki kaɗan ne.

Inda keken ya fito

A jikin ginshiƙin keken, daga dama, akwai ɗan tambarin tagulla mai shuɗin zagaye, ɗauke da shekaru biyu, 1851 da 1951. Kamfanin Singer ya manna irinsa a kekunan da ya fitar lokacin cikarsa shekara 100, don haka ba sai an wahala ba wajen sanin shekarun wannan: ya haura 70. Lambar da aka buga a shimfiɗar ƙarfensa ta fara da harafin E, alamar masana'antar Clydebank da ke kusa da Glasgow a Sikotilan, samfurinsa kuma 15K88. An gama gina wannan masana'anta a 1885, a zamaninta babu ta biyunta a duniya wajen ƙera keken ɗinki. A 1913 kaɗai ta fitar da keke sama da miliyan 1. An rufe ta a 1980.

Mahaifin Hajiya ɗan kasuwar goro ne, shi ya sayi keken ya sa a kayan auren mahaifiyarta, ƙasar tana Gold Coast tukuna. Kayan Ingila a lokacin Takoradi suke sauka, jirgin ƙasa ya hauro da su Kumasi. A ƙarshen 1969, da gwamnatin Busia ta ba da umarnin baƙi marasa takarda su bar Ghana, dangin mahaifin nata da dama sun tattara sun nufi Najeriya, suna karyar da kayan ɗaki a duk yadda aka taya. Mahaifiyar ta zauna, keken ma ya zauna. A shekarun ƙarshen 1970 zuwa yunwar 1983, lokacin da kantuna suka bushe, da shi ta riƙe gidan: kayan makaranta, facin wanduna, rigunan suna. Hajiya ta tuna man keke ya yi wuya a lokacin, sai man gyaɗa ake ɗiga masa. Wannan man gyaɗar zai dawo cikin labarin.

Bayan rasuwar tsohuwar aka kifa kan keken cikin teburinsa, aka shimfiɗa leda, aka ɗora talabijin. Haka ya yi shekara da shekaru.

Abin da ya sa aka tono shi jikar Hajiya ce. Ta gama koyon ɗinki wurin wata madam a Asawase, an yaye ta, an samar mata ɗan kiyos a bakin layi. A Ghana mai koyo da kekenta take zuwa, ita ma da ƙaramin Butterfly na hannu ta yi duk shekarun koyonta. Amma mai shago tana bukatar hannuwanta biyu a kan yadi, sai Hajiya ta ce a ɗauke talabijin. Da aka buɗe, ƙafar juyawa ta yi tauri, bel ɗin fata ya ruɓe, kwarkwaro, abin da ake naɗa zaren ƙasa a kai, guda huɗu suna cikin aljihun teburin, gidan kwarkwaron kuwa babu shi. Wataƙila tun tuni wani yaro ya yi wasa da shi ya yar.

Gyara biyu

Na farko irin masu zaga shagunan teloli ne da jaka a kafaɗa. Ya zuba mai a kan tsohon mai, ya sa sabon bel, ya zaro sabon gidan kwarkwaro daga jaka. Ya tura, ya shiga sandarsa, amma ɗan yatsan da ke fitowa daga jikinsa ya ƙi faɗawa cikin gurbinsa. Sai ya kama shi da filaya ya lanƙwasa, ya ɗan goge gefen da zarto har ya zauna. Ya sa allura yadda ya saba sawa kullum, ya ninka ƙyalle huɗu ya taka. Keken ya kama wani ɗinkin ya saki wani. Ya ce ya daɗe a kwance ne, zai warware da aiki, ya karɓi kuɗinsa.

Bai warware ba. Yarinyar ta yi kwana da kwanaki tana farke abin da ta ɗinka.

Na biyu ya fi shi shago da suna, aikinsa manyan kekunan lantarki. Da ya ga tsallaken ɗinki sai ya ce lokacin haɗuwar allura da ƙugiyar da ke kamo zarenta a ƙasa ne ya goce. A keken da ya saba da shi wannan zato ne mai kyau. Ya buɗe murfin gaba, ya kwance sukurun da ke riƙe sandar allura, ya sauke ta ƙasa kaɗan, ya murɗa matsin zaren sama har ƙarshe. Tsallaken ya ɗan ragu a yadi mai kauri, amma daga ranar allura ta fara dukan ƙarfe, zare kuma ya fara tsinkewa kowane taƙi. Da aka koma masa sai ya ce ƙugiyar ta cinye, kayan irin wannan keke sun ƙare a duniya, in suna so ya karɓi kan keken ya ba su sabo baƙi su cika kuɗi. Ban ɗauke shi macuci ba. Abin da ya sani ya yi, a kan keken da bai sani ba, gyaran ya zama na gangar Auzinawa.

Zaman gida

Kawun yarinyar, ɗan Hajiya na biyu, mai sayar da wayoyi a Adum, shi ya fi ƙosawa. An biya gyara sau biyu, kayan mutane suna jibge, azumi ya ƙarato.

"Mma, ƙarfe ma yana mutuwa. In Singer kike so, ga sabon Singer can a kanti, fari, na lantarki, yana zigzag, yana ramin maɓalli. Wannan a ba 'yan kondem, ƙafarsa kaɗai za ta yi nauyi a sikeli."

"Kai dai ka ce ka gaji da biya. Ranar da aka ɗauke wuta fa, farin naka da me zai ɗinka?"

Hajiya ba ta manta 2015 ba, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Ghana, ya kai a yi awa 24 babu wuta a ba da ta awa 12, teloli masu keken lantarki suna zaune suna kallon titi. Shi kuma kawun yana da hujjar da ba a raina ta, zan zo kanta. Inda ya yi kuskure shi ne ɗaukar da ya yi cewa Singer na kanti ƙanen wannan ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Isaac Singer, mutumin jihar New York a Amurka, ba shi ya ƙirƙiro keken ɗinki ba. A 1850 a Boston ya ga wani keke da ke yawan lalacewa, ya sake masa tsari, ya sami takardar mallakar fasaharsa a watan Agustan 1851. Elias Howe, wanda ya riga shi rajistar ɗinkin zare biyu tun 1846, ya kai shi kotu ya yi nasara a 1854. Abin da ya ɗaga kamfanin sama da sauran dabarar abokin kasuwancin Singer ce, lauya Edward Clark, wanda a 1856 ya fito da sayarwa bashi a biya kaɗan-kaɗan, ta yadda matar da ba ta da kuɗin keke a dunƙule za ta ɗauka ta biya da abin da ta ɗinka. A kan haka aka bi duniya da wakilai da shaguna da masu koyar da ɗinki da masu gyara. Wannan kamfani shi ya ƙera keken Hajiya, daga narka ƙarfe har katakon teburin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kekunan Japan masu araha suka cinye masa kasuwa, ya karkata zuwa kayan lantarki da na jiragen sama, ya rufe Clydebank, a 1986 ya ware sashen ɗinkin ya zama kamfani dabam. Sashen ya yi ta sauya hannu, ya durƙushe a 1999, kamfanin zuba jari na Kohlberg ya saye shi a 2004, aka haɗa shi da wasu masu ƙera keken ɗinki, Husqvarna Viking da Pfaff, a ƙarƙashin SVP Worldwide a 2006, Platinum Equity kuma ya saye a 2021. Singer na yau keke ne na zamaninsa, akasari ƙirar Asiya, an yi shi don mai ɗinkin gida da ke son salo iri-iri da rashin nauyi. Yana da amfaninsa. Amma sunan ne ya yi gado, masana'antar ba ta yi ba, kuma duk wanda zai auna biyun sai ya auna su a matsayin kaya biyu.

An tashi zaman a kan a gwada mutum ɗaya na ƙarshe, wani dattijo da mahaifina ya daɗe yana kai wa keke, a wani lungu tsakanin Alabar da Kejetia.

Abin da dattijon ya gani

Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Kawunan kekuna matattu jere a kan kanta har rufi, gwangwanayen madara cike da sukurori, kwanon kananzir a ƙasa. Bai tambayi tarihin keken ba. Ya kwantar da shi a gefe, ya zame farantin ƙasa, ya ciro gidan kwarkwaron ya juya shi a tafin hannu, ya ga inda aka lanƙwasa. Ya leƙa allurar. Sannan ya dubi yarinyar.

"'Yata, wa ya sa wannan allura?"

"Ni ce, Baba. Yadda madam ta koya mana, shafaffen gefen yana duban dama."

"A kekenki na hannu haka ne. Madam ba ta yi ƙarya ba. Wannan kuwa hagu yake so, zare kuma daga dama ake zura shi. Kama da wane ba ta wane."

Ya kwance allurar, ya juya ta, ya ajiye keken ya ce mu zauna, sauran aikin ba na minti biyar ba ne.

Sai an san yadda ɗinkin ke ƙulluwa kafin a ga girman wannan ɗan juyi. Allurar keke ba ɗaya take ta kowane gefe ba. Gefe guda yana da doguwar kwari da zare ke kwanciya a ciki lokacin da take huda yadi. Ɗaya gefen, wanda yake layi ɗaya da shafaffen wuyanta, yana da ɗan kwarmi a saman ido. In allura ta kai ƙasa ta fara ɗagowa, zaren yakan saki ya yi ɗan zarge a gefen kwarmin, daidai lokacin bakin ƙugiya ya wuce ya sarƙafo zargen, ya zagaya da shi bayan kwarkwaro, zaren sama da na ƙasa su ƙulle. In aka juya allurar baibai, zargen yana fitowa ta inda ƙugiya ba ta bi. Wani lokaci ta dace ta kamo shi, wani lokaci ta wuce hannu wofi. Tsallaken ɗinkin ke nan gaba ɗayansa.

To me ya sa masu gyara biyu da tela guda duk suka sa ta baibai? Amsar tana cikin tarihin samfurin. Kamfanin Singer ya fito da kakan wannan keke a 1879, ya yi ta gyara shi har ya zama samfuri na 15, mai ƙugiyar da ke kai da komo da kwarkwaro zagayayye a tsaye. Ya karɓu har allurarsa da kwarkwaronsa suka zama ma'aunin kekunan gida na duniya, allurar da ake saya a kowane shagon zare yau ita ce wannan. A tsoffin samfuran, irin su 15-30, ɗan yatsan gidan kwarkwaro yana nuni ne wajen ƙarfe 1 in ka ɗauki fuskarsa a matsayin agogo, shafaffen gefen allura yana dama, zare daga hagu. A farkon shekarun 1930 kamfanin ya fito da 15-88, irin keken Hajiya, da 'yan'uwansa har zuwa 15-91, ya sauya tsarin ƙasan: yatsan ya koma ƙarfe 11, allura ta juya hagu, zare daga dama. Da masana'antun Japan suka tashi kwaikwayo bayan yaƙi, suka yi samfurin da ake kira HA-1, tsohon tsarin ƙarfe 1 suka ɗauka a ƙasa, ko da yake daga sama sun yi kama da sabon. China ta bi sahu da irin su Butterfly na Shanghai, Indiya ma ta yi nata. Waɗannan su suka cika Afirka ta Yamma. Yau in ka ga baƙin keke mai zanen ruwan zinariya a Kumasi, kusan kullum ɗan wannan zuriya ne, kuma kayan gyaran da ke jakar mai gyara nasu ne. Keken Hajiya na asali ne, amma a garin da kwafi ya yi rinjaye shi ne baƙo.

Dattijon ya ce ya sha ganin haka. Har akwai masu fesa wa kwafi fenti su manna masa sunan Singer, don haka shi ba ya karanta abin da ke rubuce a hannun keke, ƙasa yake leƙawa.

Aikin da aka yi

Ya fara da wanki. Man gyaɗar shekarun wahala ya daskare a gaɓoɓin keken ya zama ƙaro mai ruwan ƙasa, man da mai gyara na farko ya zuba yana yawo a samansa bai shiga ko'ina ba. Ya ɗiga kananzir a kowane ramin mai, ya juya, ya goge, ya sake, har abin da ke fitowa ya daina launi. Ya cire farantin allura ya kwashe audugar da ta dunƙule tsakanin haƙoran da ke jan yadi, wadda ta yi tauri kamar fata. Jikin keken kuwa da man keke a tsumma kawai ya shafe shi. Ya gargaɗi yarinyar kada ta kusanto da sipirit ko ruwan omo, suna cin shafen da ke kare zanen zinariyar, ya koma fari ya goge.

Sai sandar allura. Ya sa sabuwar allura daidai, ya juya a hankali da hannu har bakin ƙugiya ya zo tsakiyar allurar tana hawa, ya sassauta sukurun, ya ɗaga sandar har idon allurar ya tsaya ƙasa da bakin ƙugiyar da kimanin milimita ɗaya da rabi, ya ɗaure. A wannan keke abin da ke tura ƙugiya a kafe yake da fil tun daga masana'anta, ba ya gocewa haka kawai. Abin da mai gyara na biyu ya je gyarawa lafiyarsa ƙalau, wanda ya taɓa ne ya lalace.

Ƙugiyar da aka ce ta cinye ya ciro ta ya bi bakinta da farce. Farcen ya maƙale a wuri ɗaya, inda allurai suka yi ta sara har ƙarfen ya yi ɗan ƙaya. Nan zare ke tsinkewa. Ya yanki siririn samfefa mafi laushi, ya jiƙa da mai, ya yi ta shafawa ta fuska ɗaya, yana tsayawa yana gwadawa da zare, don in aka ci bakin da yawa ƙugiyar ta tashi aiki ke nan. Ramin farantin allura ma ya sami irin wannan sara, shi ma ya goge shi da zaren da ya shafa wa garin samfefa. Ya warware matsin zaren sama, ya fito da fayafayan biyu, ya kankare tsatsar da damunar Kumasi ta bar musu, ya mayar, ya sassauta.

Saura gidan kwarkwaro, wanda shi kaɗai ne abin da ya ɓace da gaske. Ya hau kujera ya sauko da wani kan keke da ginshiƙinsa ya tsage, ya ciro nasa, yatsa a ƙarfe 11. Ya tura, ya ce ƙas, ya zauna ba tare da an taɓa filaya ba. Na tambaye shi inda yake samun waɗannan gawarwaki. Ya ce wurin 'yan kondem na Akwatia Line, ya roƙe su duk wanda aka kawo musu baƙin keke su kira shi kafin guduma ta hau. Wato da an bi shawarar kawu, da wataƙila keken Hajiya a kan wannan kanta zai ƙare, ana ciro masa kaya ɗaya-ɗaya.

Ya ɗora kan a teburin gwajinsa ya taka. Atamfa ninki biyu, sannan bakin wandon jins inda ɗinki ya haɗu ya yi tudu, sannan yadin hijabi mai santsi da ya sauya wa ƙaramar allura. Ya miƙa wa yarinyar ta duba gaba da baya. Ƙullin yana tsakiyar yadin, babu tsallake ko ɗaya. Kuɗin aikin da na gidan kwarkwaron duka bai kai abin da aka biya masu gyara biyun farko ba.

Ingancin, da iyakarsa

Mutane kan ce kayan da sun fi ƙarko, su tsaya nan, kamar albarka ce ta sauka a zamanin. A wannan keke ana iya nuna ƙarkon da yatsa. Gangar jikinsa ƙarfen zubi ce guda, kan kaɗai ya haura kilo 10, don haka sandunan ciki ba sa gocewa daga layinsu komai kaurin abin da ake ɗinkawa. Babu giya mai haƙora a cikinsa ko ɗaya, sanduna ne da gwiwoyi na ƙarfe ke kai motsi daga sama zuwa ƙasa. Sandunan da ke motsa haƙoran jan yadi a kan tsinin sukurori suke juyawa, kowanne da notinsa, in shekaru suka sa suka yi lako-lako sai a ɗan ƙara murɗawa a ɗaure, sun koma daidai. Wanda ya zana shi ya san zai ci, ya bar wa mai gyara hanyar mayar da abin da ya ci. Duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe akwai ramin mai. Sukurudireba biyu da ɗan sifana sun isa a warware shi kaf.

Kekunan gida na zamani, ko wane suna ke jikinsu, an yi su a kan wani lissafin. Giyoyin roba sun sa sun yi sauƙi da araha da rashin ƙara, Singer kansa ya fara sa su tun shekarun 1960. Roba kuwa tana tsufa ko ana aiki ko ba a yi, in ta tsage sai an sami irinta sak, in allon lantarki ne ya ƙone sai an sauya shi ɗungurungum. Kwafin baƙin keken kuma tsarinsa mai kyau ne tunda na Singer ne, bambancin yana wurin taurin ƙarfe da daidaiton yanka, kuma wannan ya danganta da masana'anta. Dattijon ya ce akwai tsoffin na Japan da ba ya fifita Singer a kansu.

Hujjar kawu kuwa tana nan daram. Keken Hajiya miƙaƙƙen ɗinki kawai ya iya, gaba da baya. Ba ya zigzag, ba ya kama bakin yadi, ba ya ramin maɓalli sai da wani abin ɗaurawa da ba kowa ke da shi ba. Ƙafar mutum tana ba da ɗaruruwan ɗinki a minti, babban keken lantarki irin na Juki yana kaiwa 5,000. Telar da ke son ta karɓi ɗinkin anko na biki guda, ko kayan makaranta na aji guda, ba za ta yi gogayya da maƙwabtanta da keken 1951 ba. Da tambayar ita ce wane keke yarinya za ta gina sana'a a kansa shekara goma masu zuwa, da kawu ya fi Hajiya gaskiya, sai dai ba farin na kanti zai saya ba, babba zai nema. Tambayar da ke gabansu a ranar ita ce ko wannan ya mutu, kuma ba a tura shi sikeli a kan shaidar mutum biyu da ba su leƙa gurbin yatsa ba.

Akwai abin da ya rage ban ji daɗinsa ba. Dattijon yana da yara biyu masu koyo, dukansu hankalinsu yana kan manyan kekunan lantarki, kuma ba laifinsu ba ne, can kuɗin yake. Da ya kira ɗaya ya nuna masa gidajen kwarkwaron biyu gefe da gefe, yaron ya kalla ya gyaɗa kai ya koma kan motar da yake kwancewa.

Yadda aka ƙare

Keken yana kiyos ɗin yarinyar yanzu. Kawu ya so a ɗaura masa ƙaramar mota, akwai mazaunin sukurunta a jikin ginshiƙin. Dattijon ya ce ana iya yi, amma a bar ƙafar da bel ɗinta a wurin, ranar da babu wuta a mayar. Ba a ɗaura ba tukuna. Ramin maɓalli da kama baki tana kaiwa shagon wata ƙawarta ta biya, tana kuma zuba adashi don babban keke. Ta ɗaure ɗan jan zare a hagun sandar allura don hannunta ya daina komawa ga sabon da ya yi, tunda har yanzu tana amfani da Butterfly ɗin in za ta je aiki gidan mutane. Dattijon ya ce ta riƙa ɗiga farin man keke a hanyar ƙugiya duk ranar da ta yi aiki sosai, ta raba kwarkwaron da suka lotse da masu kyau, kuma bakin ƙugiyar ba zai ɗauki wata gugar ba, in ya sake samun sara sai dai a sauya. Ya ajiye mata ta jikin keken nan mai tsagaggen ginshiƙi, kawu ya biya rabin kuɗinta.